Rasuwar Injin da Bai San Ƙwai Ba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da jiki duk a gajiye, ni Corinne Halvorsen ta Grand Marais nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar injin bugun kwaɓinmu, wanda 'yata Odette ke kira Wurwur.

Marigayin ya shigo gidanmu a makon da muka dawo daga asibiti, bayan likita ya ce ko ɗigon ƙwai ya shiga bakin Odette maƙogwaronta zai toshe. Na naɗa masa jan tef a wuya, alamar kada ƙwai ya raɓe shi, kuma ya riƙe amana. Ruwan waken gwangwani da kowa ke zubarwa, shi yake bugawa a madadin ƙwai har ya zama kumfa fari tas, ya tsaya da kansa. Ya sha fama da ayaba da markaɗaɗɗen tuffa. Kek nawa muka fitar kamar bulo, bai taɓa ƙorafi ba, iyakarsa "wurrr", in kwaɓi ya yi tauri ya ce "gog-gog-gog". Albarkacinsa Odette ta daina zama gefe da 'yan inabinta a bikin yara.

Ajali ya riske shi ranar Lahadi. Mura ta kwantar da ni, surukina Wendell ya zo taimako, ya shiga haɗa karin kumallo. Na sauko na tarar da ɓawon ƙwai, ga feshin gwaiduwa har cikin ramukan iskar injin, inda soso ba ya kaiwa.

"'Yata, ai wankewa zan yi," in ji shi. "Tef ɗin nan na ɗauka karaya ya yi kika ɗaure."

"Sannu da aiki, Baba," na ce. "Zauna ka ci."

In an kunna shi har yanzu yana juyawa. A wurinmu dai ya rasu.

Ya bar kwano ɗaya, da cokalin katako, da Odette, wadda za ta cika shekara biyar ranar Asabar, ta kuma riga ta shaida wa 'yan ajinsu cewa kek ɗinta da farin kumfa a kai. Magajinsa, sabon inji, na hanya, amma dusar ƙanƙara ta tsare shi, sai mako mai zuwa.

Gobe da safe Wendell zai tafi da gawar gidansa. Za a yi zaman makoki ranar Juma'a a kicin ɗinmu. Don Allah kada kowa ya kawo abinci. A zo da wankakken hannu da ƙarfin damtse, da hannu za mu buga kumfan nan, bi da bi. Baba ne zai fara.