Ƙasar Taimamar Baba Usman

Ba zan taɓa mantawa ba da aika-aikar da na yi a satina na farko a Madina. An ɗauko ni daga Kano in riƙa kula da wani dattijo, Baba Usman, Bahaushe haifaffen Saudiyya, a gidansa da ke Harra ta Yamma. Ciwo ya kwantar da shi, likita kuma ya hana shi taɓa ruwa, sai taimama.

Unguwar duk baƙin dutse ce da kwalta. Ina cikin neman ƙasa mai tsabta sai na hango wasu 'yan kwalabe jere cikin kabad ɗin falo, kowace da jar ƙasa, lukui kamar an tankaɗe. Na ce kai, Madina ke nan, har ƙasar taimama a kwalba take! Na juye su kaf a faranti ɗaya, na cakuɗa da hannu (har da tsince tsakuwa, don a san an kawo mai hankali), na kai masa ina washe baki.

'Yarsa Salma ce ta fara gani. "Ya Allah! Esh sawwet? Me ka yi?"

Ashe Baba ya yi shekaru yana aiki a Amurka da Japan, can ya kamu da son besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki a ruga da gudu. Duk hutu shi da matarsa, marigayiya Hajiya Amina, sai su kama hanyar wani babban filin wasa. Ita wasan bai dame ta ba, aikinta roƙon masu gyaran fili su ɗan ɗibar mata ƙasa ta ƙulle a bakin mayafi. Kowace kwalba tafiya guda ce.

Baba ya daɗe yana kallon farantin. "Ɗana, akwai wata ƙarama mai shuɗin murfi. Ita ce tafiyarmu ta ƙarshe. Ita ma?"

Na ce, "Ita ma, Baba." Wallahi na gwammace ya mare ni.

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya buga tafukansa a kan ƙasar, ya shafi fuskarsa. "Khalas, shi ke nan. Bar min a nan kusa."

Da ita ya yi ta taimama har Allah Ya karɓi ransa, amma bai sake barin a buɗe kabad ɗin ba. Ni kuwa tun ranar, ko gishiri na gani cikin kwalba a gidan mutane, sai na tambayi wa ya kawo shi.