Motar Baba da Giyarta ta Asali

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da aka kai Jidda, 'yar babban wanmu, ɗakin mijinta. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in faro muku daga tushe, don kada ku yi mini dariya ba ku san dalili ba.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mota a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, tsohuwar motar Faransa irin mai giya a jikin sitiyari. A cikinta na koyi tuƙi, Baba yana gefe yana bugun gwiwata duk sanda na saki kuloci da gaggawa. Bayan rasuwarsa ta zauna a gindin darbejiya shekara da shekaru, tayoyi suka sace, awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Ni ne auta, ni kaɗai ne kuma nake leƙa ta in na zo gida.

Sai wata rana Yaya Sani, babban wanmu, ya tara mu ya ce ya yi magana da 'yan gwangwan, za su zo su yanka ta su auna a kilo, shi kuma ya gina shago a wurin. Sauran 'yan'uwa duk suka gyaɗa kai. Innarmu ta dai tashi ta shige ɗaki. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wallahi ba a isa ba, motar nan da sauran ranta. Yaya ya yi mini irin kallon da yake mini tun ina yawo ba wando, ya ce, "To Auta, bikin Jidda bayan girbi ne. In motar nan ta ɗauki 'yata da ƙafarta ta kai ta Ɗansoshiya, na bar maka ita. In ta kasa, washegari a yanka." Na ce na yarda. (Ni fa malamin gona ne. Iyakar sanina da inji a lokacin, in buɗe bonet in riƙe ƙugu ina kallo.)

Na kira Habu bakanike ya duba. Ya ce inji lafiyarsa lau, amma famfon ruwa ya mutu, kafireto ma sai an nemo wani. Na hau mota sai Kano, na shiga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa da ƙarfin gwiwata, na faɗi sunan motar, aka miƙo mini famfo na biya na dawo. Habu ya ɗora, ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Na koma na yi ta faɗa, na ce an cuce ni. Mai shagon ya bar ni na gama tsaf, sannan ya tambaye ni, tawa ta farkon fita ce ko ta baya? Na ce mota ai mota ce, suna ɗaya, kama ɗaya. Ya ce in je in karanto lambar da ke jikinta tukuna.

Ashe wata duniya ce guda. Akwai wani ɗan farantin ƙarfe a cikin bonet da aka buga wa lamba, ita ce take faɗin lokacin da aka ƙera motar. Waɗanda suka fara fitowa kayansu daban ne, daga baya masu ƙerawa suka yi ta canje-canje ba tare da sun canza wa motar suna ko fuska ba. Kowane ƙarfe kuma yana da tasa lambar a jikinsa, sai ka kankare tsatsa ka gan ta. Famfo biyu za su yi kama kamar tagwaye, amma harafi ɗaya a ƙarshen lamba ya raba su. Tamu kuwa da na duba, cikin na farko-farkon take.

Daga nan fa abin ya zame mini ciwo. Na shiga wani zaure na masu tsofaffin motoci a waya, ina tambaya ina tura hotuna. Na koma yawo da tsohon buroshin haƙori da 'yar kwalbar fetur a aljihu, duk ƙarfen da na gani sai na goge na karanta. Matata ta ce ko murfin tukunya ta ajiye sai na juya shi na duba bayansa. (Sharri ne. Sau ɗaya na yi.) Kafin damina ta yi nisa na samo famfon da ya dace, na samo kafireto, Habu ya haɗa, motar Baba ta tashi. Na zaga gari da ita, yara suna bina da gudu. A nan ya kamata in tsaya in gode wa Allah, amma ina.

Wata Asabar na kwanta a ƙarƙashinta ina goge-gogena, sai na ga lambar giyabos ba ta dace da ta jikin motar ba. Na irin na baya ne, wani ya canza shi tun da daɗewa. Gabana ya faɗi kamar an ce mini ba Baba ne ya haife ni ba. Habu ya ce giyar nan ba abin da ya same ta, na ce ba maganar lafiya ake ba, maganar asali ake. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in dai na samo shi zai ɗaura.

Wani dillalin kayan gyara ya ba ni labarin gawar irin motar a wata ruga can wajen Doguwa. Na hau babur na bi ta Burumburum, na ɓace hanya, na tambaya, na sake ɓata, har na isa gidan wani dattijo da ake kira Baffa Jauro. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi damina, ya tambayi gajiya, aka kawo fura da nono na sha, duk idona yana kan motar da ke bayan bukka, kaji suna shiga suna fita ta taga. Da ƙyar na samu na faɗi abin da ya kawo ni. Na kwanta cikin kashin kaji na kankare, na haska, sai ga lambar da nake nema. Na kusa yin kuka. Baffa ya ce motar dai ba zai sayar ba, kajinsa a kujerar baya suke ƙwai, amma ba ya jin suna da wata bukata da giya. Muka daidaita, aka kwance giyabos ɗin aka kai wa Habu.

To ga inda ya kamata ku saurara da kyau. A irin na farkon fita, giyar ba a jere ɗaya take da ta baya ba. A ta baya, in ka jawo hannun giya wajenka ka ɗaga sama, lamba ɗaya ce. A ta farko kuwa, wannan wurin ribas ne, giyar komawa da baya, lamba ɗaya tana ƙasa. Na san wannan sarai. Ba sani kaɗai ba, na koyar da shi. A majalisarmu ta bakin kasuwa na tsaya da kara a hannu ina zanawa a ƙasa, na yi bayani har mai shayi ya haddace. Duk wanda ya gaishe ni a makonnin nan sai ya ji labarin ribas ɗin sama, har aka sa mini suna Farkon Fita.

Aikin ɗaurawa ya ja lokaci, don sai da aka wanke cikin giyabos ɗin aka canza abubuwan da suka ci. Habu bai gama ba sai ranar ɗaurin aure, muna masallaci ya tuƙo ta ya ajiye a ƙofar gida, an wanke ta tana ƙyalli. Ban samu na gwada ba, baƙi sun yi mini yawa, kuma gaskiya ban ga dalilin gwaji ba. Wa zai koya mini?

Bayan la'asar aka fito da amarya, don a isa da rana. Unguwa ta cika, 'yan majalisa duk sun zo ganin ƙarshen lamari. Aka shigar da Jidda baya lulluɓe da mayafi tana sheshsheƙar kuka, Gwaggo Asabe ƙanwar Baba a gefenta. Yaya Sani ya kawo sabuwar motarsa ya ajiye daf da bayan tamu, ya ce don ko-ta-kwana, in tsohuwa ta mutu a hanya sai a sauya. Na naɗe hannun babbar rigata na shiga. Murɗa makulli ɗaya ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Na leƙo ta taga na ɗaga wa jama'a hannu kamar ɗan takara, na taka kuloci, hannuna ya jawo giya ya ɗaga sama, daidai inda Baba ya koya masa tun ina yaro. Na ba ta wuta sosai don a ji muryarta, na saki.

Abin da na fara lura da shi, mutanen da ke gabana suna ƙara nisa. Kafin kaina ya gama fassara wannan, sai ƙara. Bambar tamu ƙarfe ne na da, ta shige fuskar motar Yaya ta zauna. Fitilun Yaya suka tarwatse, lagiretonsa ya fashe, ruwa ya malalo har ƙarƙashin takalman mutane. Guɗa ta tsinke a tsakiya. Gwaggo Asabe tana ta salati, ɗankwalinta ya zamo kan hanci. Ni kuwa na ƙanƙame sitiyari, na rasa ko in fito ko in mutu a ciki. Cikin shirun nan sai na ji muryar mai shayi daga baya yana tambaya a hankali, wai Malam, wannan ce ribas ɗin saman da ka zana mana? Wurin ya ɓarke da dariya. Na duba madubi na ga mayafin amarya yana girgiza, kuma na rantse ba kuka take ba.

Yaya bai yi dariya ba. Ya zo ya kama murfin ƙofar baya, fuskar nan ba annuri, ya ce a fito masa da 'yarsa daga cikin akwalar nan, gobe da sassafe kuma 'yan gwangwan su zo. Na tabbata na kashe motar Baba da hannuna, bayan duk wahalar da na sha, kuma kunyar ma ta koma baƙin ciki.

Sai ga Inna ta fito daga zaure tana dogara sanda. Ita ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne, ko magana ba ta cika yi masa kai tsaye ba, balle a gaban jama'a. Ta tsaya ta dubi ɓarnar, kafaɗunta suna rawa, hawaye yana bin kuncinta, sai na gane dariya take. Ta kalli gefe ta ce, "A gaya wa mai son gina shago ya bar yarinya inda take." Sannan ta dafa bayan motar ta ce, "Ranar da mahaifinku ya kawo ta sabuwa, haka gari ya taru, ya shiga zai nuna gwaninta, ya yi baya ya rushe mini rumbun dawa. Bai taɓa sabawa da giyar nan ba, shi ya sa ya gaji ya canza ta. Rabon da in ji kamar yana ƙofar gidan nan, sai yau." Ta goge ido da gefen mayafi ta ce muddin tana raye ba mai sa wa motar nan wuƙa.

Yaya ya saki ƙofar. Ya ce in ja mu tafi kada dare ya yi mana, maganar fitilunsa kuma za mu yi ta daga baya. (Mun yi ta. Mun daɗe muna yin ta.) Na taka kuloci, na ce wa hannuna a fili, "Ƙasa, don Allah, ƙasa." Motar ta yi gaba. Har muka isa Ɗansoshiya ba ta yi ko tari ba, Gwaggo ce kawai ba ta saki jikin kujera ba.

Abin da na koya bai da yawa. In ka karanta abu har ka tara mutane kana koya musu, ka ɗan keɓe ka sanar da hannunka, don shi ba ya zuwa majalisa. Kuma kafin ka hau babur ka tafi Doguwa gyara abin da mahaifinka ya canza, ka fara shiga cikin gida ka durƙusa ka tambayi tsohuwa dalilin da ya sa ya canza.