Ranar da Na Goge Goshin 'Yan Misiyon

Ba zan taɓa mantawa ba da Larabar da na je nema wa ɗiyata Hadiza wuri a lakwal ta 'yan misiyon. Yajin aikin malamai ya cinye mata rabin shekara a lakwal ta gwamnati, sai na samu labarin wuri guda ya buɗe a aji irin nata a ta 'yan misiyon, kuma masu nemansa da yawa. Shugabar lakwal ɗin, wadda kowa ke kira Masera, ta ce uban yarinya ya zo da kansa.

Ni mutum ne mai tsari. Na yi shekaru ina tuƙa motar minista a unguwar Plateau, kuma ban taɓa fita da ƙura a gilashi ba. Na yi wanka, na sa farar riga mai guga, na saka mushuwar ta share gumi a aljihu, na baro unguwarmu Banifandou da sassafe.

Ina shiga farfajiya na ga yara sun yi layi za su shiga aji. Tufafi tsaf, takalma tsaf, amma wasunsu da baƙin datti a tsakiyar goshi. Raina ya ɓaci. Wai nan ce lakwal ɗin da ake ta yabo da tsabta? (Babu wanda ya sa ni aikin, wannan na yarda.) Na jiƙa mushuwar a famfo, na kama na farko na goge shi tas. Na kama na biyu. Na ukun ya janye kai yana cewa, "Baba, a bari," na ce masa in ubansa bai koya masa wanke fuska ba, ni zan koya masa. Haka na bi layin har ƙarshe, wata ƙarama tana ta kuka.

Na shiga biro, wato ofishin shugabar, ina jin kaina kamar sufeto. Masera na duƙe tana rubutu. Bayan gaisuwa, maimakon in fara da maganar Hadiza, sai na fara da tawa. Na ce da farko dai a riƙa duba yara a bakin ƙofa, na biyu a ja wa iyaye kunne, na uku kuwa na riga na gyara na yau. Har na ɗaga mushuwar ɗin ta ga shaida.

Sai ta ɗago kai. Ga dattin nan a goshinta, ya fi na kowa girma, kuma a kusa na gane gicciye ne aka zana.

'Yar Dogon Dutsi ce, Hausarta ta fi tawa. A hankali ta bayyana mini cewa yau suke fara azuminsu, abin goshin kuma toka ce, a majami'a aka shafa musu ita da safe, tunatarwa ce cewa ƙasa za mu koma. Sannan ta ƙura wa tabon sallata ido.

"Alhaji, naka ma baƙi ne, kuma a wuri ɗaya yake. In kawo ruwa?"

Wallahi sai na ji rigata ta yi mini nauyi. Na riga na fara shirya abin da zan gaya wa uwar Hadiza, sai Masera ta ce za ta karɓi yarinya, don ba ita ta yi guga ba. Amma sai na bi aji-aji na ba yaran haƙuri.

Na bi. Ni da ko 'ya'yan cikina ban taɓa ce wa "ku yi haƙuri" ba, na tsaya gaban allo hula a hannu ina maimaitawa, malamai na toshe baki.

Hadiza na can tana karatu. Ni kuwa na gyara tsarina: yanzu in na ga abin da bai yi mini ba a jikin mutum, sai in gaishe shi, in tambaya, sannan in zuba hannayena cikin aljihu in wuce.