Baturen Dogarawa da Ajinsa Mai Ladabi

Daga Samaru har Sabon Gari, Allah bai yi gwanin Turanci kamar taubashina Suhail ba. Ko atishawa da Turanci yake yi. Mu a gida, a unguwarmu Dogarawa, Baturen Dogarawa muke ce masa, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Bana kwalejin horon malamai ta tura su gwajin koyarwa. Aka ce kowa ya buɗe aji ta intanet, ya koya wa yara magana da Turanci, wanda ya faɗi ya maimaita shekara. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!

Bature ya sauka shagunan PZ, ya sayo fitilar haska fuska, da labule mai hoton kantar littattafai, da tabarau marar magani. Sama kwat, ƙasa gajeren wando, tunda waya ba ta ganin gwiwa.

Ranar farko wata yarinya ta buɗe baki za ta gaishe shi, ya danna maɓalli ya toshe muryar kowa.

"Kyamarar ma ku kashe, fuska ɗaya ta ishi aji," in ji shi. "Turancina turare ne, ba a haɗa shi da hayaƙin murhu. Ku dai ku saurara, zai shige ku da kansa."

Haka aka yi ta tafiya. Yana zuba, sunaye na jere a waya, tsit.

"Ka ga ladabi?" yake ce min.

Ranar ba da maki, Madam Scholastica mai duba su ta shigo ajin daga ofishinta. Ta saurare shi har shayinta ya huce.

"Malam Suhail, naka na ji. Buɗe min yaran in ji nasu."

Ya buɗe yana murmushi. "Naila, gai da Madam da Turanci."

Ƙarar keken ɗinki.

"Othniel!"

Zakara ya amsa daga unguwar Muchia. Ashe tuntuni yara shiga suke yi, su kife waya, su kama gabansu.

Gumi ya jiƙa kwat. Ya kira sunan ƙarshe, Zubaidatu. Sai ga muryar tsohuwa:

"Ɗan nan, ta tafi niƙa. Ni ce kakarta, kullum ni ke kunna ka. Ko ɗaya ba na ji, amma wallahi jaririnmu ba ya barci sai da kai. Don Allah kada ka daina."

Addu'ar tsohuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Madam ta rubuta ya faɗi, baɗi ma Bature yana nan.