Harshen Farfesa Lasau

Kaf ƙasarmu Girinlan, tsibirin ƙanƙara, in ana maganar ilimin duwatsu, sai a fara gaida Kunuuti, wanda muke kira Farfesa Lasau. Bai yi jami'a ba, amma ya yi abin da ya fi jami'a: shekara goma sha ɗaya yana tuƙa masu binciken duwatsu a kwalekwalensa, yana dafa musu kofi. A nan ya lura in sun fasa dutse sai su lasa. Su dai jiƙa shi suke don ƙwayoyinsa su fito a gilashin dubawa. Shi kuwa gwanin sai ya gano sirrin da suka ɓoye masa: ashe shekarun dutse ɗanɗana su ake yi.

Tun daga ranar ba dutsen da ya tsira daga harshensa. Ya rataya guduma a ƙugu, har coci da ita yake zuwa. Ka tambaye shi farashin kifi, ya ba ka labarin yadda ƙasarmu ta ɓalle daga Kanada, sai ka rantse shi ya kwance mata igiya.

Da majalisar gari ta ce tana neman mai yi wa baƙi bayani a sabon ɗakin ajiye duwatsu, Farfesa bai tsaya jira ba, ya sayar da kwalekwalen. Wai masani ba ya ƙarnin kifi. Saura kawai Dakta Ivalu, ƙwararriyar da aka ɗora wa zaɓen, ta sa hannu.

Sai ga yayarsa Pipaluk ta cika shekara saba'in, ta buɗe gida kamar yadda aka saba: ka shigo, ka sha kofi, ka ci kek, ka tashi ka ba na waje kujera. Dakta na ciki, don haka Farfesa ya dasa kansa awa biyu yana zuba, mutane na daskarewa a bakin ƙofa. Abin ya ishi Pipaluk. Ta sunkuya ta ɗauko dutsen da take tokare ƙofa da shi, ta ce ya faɗa wa Dakta shekarunsa.

Ya miƙe tsaye. Ya lasa, ya lumshe ido, ya sake lasa.

"Jama'a, ku nutsu. Wannan kakan duwatsu ne. A ƙarƙashin teku aka haife shi, wuta ta dafa shi, ƙasashe biyu suka yi karo suka matse shi tun babu ko ciyawa a duniya. Shekararsa biliyan uku da miliyan ɗari takwas. Gishirin tsohon tekun ma yana nan, na ji shi."

Dakta Ivalu ta karɓa, ta juya shi, ta tambaya cikin ladabi ko a wancan zamanin ana sa wa duwatsu guntun rodi.

"Haba, ƙanena," in ji Pipaluk, "ɓallin matakalar tsohon gidanmu ne. Kai ka kwaɓa simintin da hannunka, shekarar da ka yi aure. Ka girme shi da shekara ashirin da biyar."

Aikin dai wata 'yar makaranta aka ba. Farfesa ya koma teku, yaron jirgi a kwalekwalen da ya sayar. Gudumar tana nan a ƙugunsa, kuma an ce ba ta da na biyu wajen fasa ƙanƙara.