Ranar da Motata Ta Ba Shinkafi Wuta

Da na sayi mota mai aiki da batir, irin wadda ke shan wuta kuma ta mayar wa gida idan an ɗauke, babu wanda ban yi wa lacca ba a Kaura Namoda. Ranar sunan ɗan ƙanwata a Shinkafi, ana ɗauke wuta na miƙe da isa, na jona gidan da motar. Fanka ta juya, mata suka rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka jawo wayoyin lantarki ta kan katanga, na ce kowa ya sha, akwai ta.

Bayan la'asar na ɗauko surukina, Alhaji, muka kamo hanyar gida. Ba mu kai Moriki ba batir ya ƙare, motar ta yi tsit, a dajin da direba ba ya tsayawa ko taya ta fashe, saboda 'yan bindiga masu yawo a babura. Rana tana faɗuwa. Can sai muka jiyo ƙarar babura da yawa, suna matsowa.

"Yaro, tada wagga abu!" in ji Alhaji.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa na faɗa gonar gero ba, har da babbar riga. Na bar dattijo shi kaɗai yana salati.

Ashe 'yan kasuwa ne ke komawa gida. Su suka goya mu zuwa gari.

Har yau, in na shigo taro, Alhaji yakan ɗaga murya: "Ku matsa wa Na-cikin-gero kusa da ƙofa, ko za a ji babur."