Rasuwar Baƙin Kaset na Buazza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai cike da tsinkakken zare, ni Lahsan, direban jar tasi a Kasablanka, nake sanar da rasuwar baƙin kaset ɗina, wanda ya cika ranar Talata yana da shekara talatin da huɗu.

Marigayi bai san magana a hankali ba. Yakan fara da ruwan sama da ƙararrawa, sai jita ta shigo da nauyi kamar ana jan ƙofar gareji, sannan wani Bature ya ƙwala ihu a kan yaƙi da kabari da wutar lahira. Kullum yana yi wa duniya albishir da tashin ƙiyama, ga shi ya riga ta tafiya. Fasinja mai surutu kuwa, shi yake sauke mini shi ban ce uffan ba.

Yayana Buazza ne ya ɗauki waƙoƙin a kansa, da rediyo biyu fuska da fuska a ɗakinmu na unguwar Hay Muhammadi. Shi ya sa a tsakiyar waƙa ta huɗu, daidai inda jita ke kuka, ake jin muryarsa: "Kai Lahsan, jaki, rufe ƙofar, ana ɗauka!" Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Buazza. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan, kuma zagin nan nake jira kowace safiya.

Ajali ya zo ta bakin maƙwabcina Si Bushta, wanda ya rantse cewa in aka juya irin waɗannan waƙoƙi ta baya, Iblis ake ji yana huɗuba. Ni kuma sarkin taurin kai, wai sai na ƙaryata shi, na kwance kaset na juya zaren. Iblis bai ce komai ba. Rediyon mota ne ya tauna zaren, kuma waƙa ta huɗu ya fara ci. An gwada naɗe zaren da biro da liƙe shi da jan farce, a banza. Ni na kashe shi, kada a ɗora wa Si Bushta.

Ya bar kwali tsagagge, da kunnena na hagu da ba ya ji, da matata Rƙiya wadda ta rungumi ƙaddara da saurin da ya ba ni mamaki.

Za a binne shi ranar Juma'a bayan an ci kuskus, a gindin ɓauren gidanmu. A sa baƙar riga. Masu cewa ana samun waƙoƙin a waya su huta, na saurara: ta huɗu tsaf take, ba mai zagina. Duk wanda ya shigo, don Allah ya rufe ƙofar.